Jujin Birane da Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa: Bashin da Ba Ya Cikin Littafin Kowa

Sanin kowa ne cewa a manyan biranen ƙasar nan, tun daga Ikko zuwa Fatakwal, daga Abuja zuwa Kano, mafi yawan jama'a ba su dogara da ruwan famfo na gwamnati ba. Rijiya da rijiyar burtsatse su ne madogarar magidanci, su ne kuma madogarar mai otal, da mai gidan burodi, da mai kamfanin ruwan leda, da mai sarrafa lemo da kayan abinci. Ke nan ruwan da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa jari ne, kamar yadda injin da ke cikin masana'anta yake jari. Bambancin kawai shi ne, wannan jarin ba ya cikin littafin lissafin kowa, don haka ba a cika samun mai tambayar lafiyarsa ba sai ranar da ya lalace.

Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke lalata shi kuwa shi ne juji, wato filayen da hukumomi ke jibge sharar birni. Idan ruwan sama ya sauka a kan tulin shara, yakan ratsa ta sannu a hankali, ya kwashi ruɓaɓɓen abinci, da tsatsar ƙarafa, da abin da ke cikin matattun batura, da ragowar fenti da magunguna, sannan ya tsiyaye ta ƙasa a matsayin baƙin ruwa mai ɗoyi. Wannan shi ne ruwan juji. A ramin binne shara da aka gina bisa ƙa'ida, akan shimfiɗa yumɓu da leda mai kauri a ƙasa, a jera bututai masu tara wannan ruwa domin a tace shi. A jujin da ba a yi masa haka ba, ruwan ba shi da wata hanya illa ya nutsa ƙasa ya gauraya da wanda jama'a ke sha. Abin takaici shi ne, akasarin jujin ƙasar nan tsofaffin ramuka ne da kududdufai da aka haƙi ƙasa ko dutse a cikinsu, wato wuraren da tun farko aka riga aka cire murfin da ke kare ruwan ƙasa.

Jujin Olusosun da ke unguwar Ojota a birnin Ikko ya isa misali. An buɗe shi a shekarar 1992, a lokacin da wurin yake bayan gari, kuma faɗinsa ya kai kimanin hekta 40. Yau gidaje da masana'antu da tashoshin mota na Ojota da Oregun da Ketu sun kewaye shi. Hukumomin Jihar Legas da kansu kan ƙiyasta cewa jihar na fitar da shara kimanin tan 13,000 a kullum, kuma Olusosun ya daɗe yana karɓar kaso mai tsoka daga ciki. A watan Maris na 2018 gobara ta tashi a wurin, hayaƙi ya turnuƙe unguwanni kwana da kwanaki, gwamnati ta ba da sanarwar rufe shi, amma daga bisani motocin shara suka koma. Gobara da hayaƙi kowa ya gan su, aka kuma yi ta magana a kansu. Abin da ke gudana a ƙarƙashin ƙafa ne ba a gani.

Ɗan ƙaramin lissafi zai nuna girman lamarin. Ruwan saman da ke sauka a Ikko ya haura milimita 1,500 a shekara. A kan fili mai hekta 40, wannan ya kama lita miliyan 600. Ko da kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ya ratsa sharar ya nutsa, sauran ya kwarara ko ya bi iska, an sami lita miliyan 150 na gurɓataccen ruwa ke nan, wato cikin tankar mai fiye da 4,500 mai ɗaukar lita 33,000 kowace. Da za a ga jerin tankoki irin wannan suna juye dagwalo a bakin rijiyoyin jama'a, da an yi zanga-zanga tun ran farko. Da yake ta ƙarƙashin ƙasa abin ke bi, sai ya wuce shiru.

Shirun nan shi ne babban haɗarin. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ya gudu kamar na kogi. A cikin yashi yana iya tafiyar abin da bai wuce mita ɗaya ba a yini, a cikin yumɓu kuwa tafiyar ta fi haka jinkiri nesa ba kusa ba. Alal misali, idan gurɓataccen ruwa na tafiyar santimita 30 a kullum, zai ci kimanin mita 110 a shekara, don haka rijiyar da ke nesa da juji da rabin kilomita ba za ta fara jin ɗuriyarsa ba sai bayan shekara huɗu da ɗoriya. Mai kamfanin da ya gwada ruwansa ranar da ya haƙa rijiya ya ga lafiya lau, yana iya wayar gari bayan shekaru yana sayar wa jama'a abin da bai sani ba. Haka kuma idan aka rufe juji yau, dafin da ya riga ya kama hanya zai ci gaba da tafiya shekaru masu yawa.

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza, amma a nan matsalar ita ce ruwan kan lalace ba tare da ya yi tsami ba. Dalma da kadmiyam da naitiret ba su canza launin ruwa ko ɗanɗanonsa a gwargwadon da suke cutarwa. Ƙa'idar ingancin ruwan sha ta Nijeriya, wadda Hukumar SON ta fitar a 2007 aka kuma sabunta a 2015, ta bi sahun Hukumar Lafiya ta Duniya wajen ƙayyade cewa kada dalma ta wuce miligiram 0.01 a lita ɗaya, kadmiyam kada ya wuce 0.003, naitiret kuma kada ya wuce 50. Dalma na daƙushe ƙwaƙwalwar yara, kadmiyam na lalata ƙoda, naitiret kuma na hana jinin jarirai ɗaukar iska yadda ya kamata. Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ɗakin gwaje-gwaje ne kaɗai ke iya gano su.

Ba za a ce ƙasar nan ba ta da doka ba. Tarihin dokokin ma ya samo asali ne daga shara. A 1988 aka gano dubban gangunan guba, kusan tan 4,000, da aka shigo da su daga Italiya aka jibge a wani fili a garin Koko, a tsohuwar Jihar Bendel, wadda ɓangarenta ya zama Jihar Delta. An biya mai filin dala 100 kacal a wata. Gwamnatin soja ta wancan lokaci ta janye jakadanta daga Italiya, ta tilasta aka kwashe gubar, sannan a shekarar ta kafa Dokar Soja mai lamba 42, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai safarar shara mai guba, da kuma Dokar Soja mai lamba 58, wadda ta haifar da Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya, wato FEPA. A 1991 hukumar ta fitar da ƙa'idojin kula da shara, a 1992 kuma aka kafa Dokar Soja mai lamba 86, wadda ta wajabta binciken tasirin manyan ayyuka a kan muhalli kafin a fara su, ciki har da gina ramin binne sharar birni.

Bayan an narkar da FEPA cikin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya a 1999, an kafa Hukumar NESREA a 2007 domin tilasta bin dokokin muhalli. A ƙarƙashinta aka fitar da ƙa'idojin tsafta da kula da shara a 2009, da ƙa'idojin kare ingancin ruwan sarari da na ƙarƙashin ƙasa a 2011. Daɗin daɗawa, sashe na 20 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa hukuma nauyin kare ruwa da iska da ƙasa. A kan takarda dai, babu abin da ya rage.

To, ina gizo ke saƙar? Amsar tana cikin yadda aka raba aikin. Tsarin Mulki ya sanya kwashe shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi, amma a zahiri hukumomin jihohi ne ke riƙe da manyan juji, kamar LAWMA a Legas, da REMASAB a Kano, da Hukumar Kare Muhalli ta Abuja a Babban Birnin Tarayya. Ke nan mai jujin gwamnati ce, mai sa ido a kansa ma gwamnati ce. Abu ne mai sauƙi jami'i ya garƙame masana'antar ɗan kasuwa saboda ta saki dagwalo a kwata, amma da wuya ya garƙame jujin da gwamnan jiha ya san idan aka rufe shi kwana uku shara za ta toshe titunan birni. Sakamakon haka shi ne, mafi yawan abin da jama'a suka sani game da ruwan da ke kewaye da juji ya fito ne daga binciken malaman jami'o'i da ɗalibansu, waɗanda kan ɗebi ruwa daga rijiyoyin unguwa sau ɗaya ko biyu, su rubuta sakamako, maganar ta mutu a ɗakin karatu. Irin wannan bincike na da amfani, amma ba zai maye gurbin gwaji na dindindin da doka ta wajabta wa mai juji ba.

Yana da kyau a duba yadda wasu ƙasashe suka warware wannan ƙulli, domin abin da suka tanada ba wani siddabaru ba ne. A Amurka, ƙa'idojin da Hukumar Kare Muhalli ta ƙasar ta fitar a 1991 sun wajabta wa mai ramin binne sharar birni ya haƙa rijiyoyin gwaji iri biyu. Akwai na sama, ta ɓangaren da ruwan ƙasa ke gangarowa kafin ya iso juji, waɗanda ke nuna asalin lafiyar ruwan. Akwai kuma na ƙasa, ta ɓangaren da ruwan ke wucewa bayan ya bi ta ƙarƙashin juji, waɗanda ba za su yi nisan da ya wuce mita 150 daga bakin sharar ba. Akan ɗebi ruwa aƙalla sau biyu a shekara a nemi sinadarai 62. Idan na ƙasa ya bambanta da na sama fiye da ƙima, sai a faɗaɗa gwajin, idan kuma gurɓata ta tabbata, mai ramin ne zai gyara da kuɗinsa. Bayan an rufe ramin, zai ci gaba da gwaji har shekara 30, kuma tun yana aiki tilas ya nuna shaidar cewa ya tanadi kuɗin yin hakan. Tarayyar Turai ma, a dokarta ta 1999, ta wajabta aƙalla rijiya ɗaya ta sama da biyu ta ƙasa, ta kuma ce kuɗin da ake karɓa a kan kowane tan na shara dole ya haɗa da kuɗin rufewa da na kulawa har aƙalla shekara 30.

Waɗannan ƙasashe ma sai da suka sha wuya suka koya. A unguwar Love Canal ta Jihar New York, wani kamfanin sinadarai ya binne guba kimanin tan 21,000 tsakanin 1942 da 1953, sannan ya sayar wa hukumar makarantu filin a kan dala ɗaya. Aka gina makaranta da gidaje. A 1978, da gubar ta fara ɓullowa a cikin gidaje, Shugaba Jimmy Carter ya ayyana dokar ta-ɓaci, aka kwashe ɗaruruwan iyalai, a 1995 kuma kamfanin da ya gaji na farkon ya amince ya biya gwamnatin tarayyar ƙasar dala miliyan 129. A nan gida, ko da yake man fetur ne sanadi ba juji ba, rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya a kan ƙasar Ogoni na 2011 ya nuna tsadar barin ruwan ƙasa ya lalace. An sami sinadarin benzin mai haddasa ciwon daji a rijiyoyin Nisisioken Ogale ya ninka ƙa'ida sau 900, aka kuma ƙiyasta cewa gyaran yankin zai ci shekara 25 zuwa 30, da dala biliyan ɗaya a matsayin somin taɓi. Rigakafi dai ya fi magani, musamman a inda maganin ya fi ƙarfin aljihun jiha.

Akwai masu cewa wannan tsari na masu hannu da shuni ne, kuma jihar da ke fama da biyan albashi ba ta da halin haƙa rijiyar da ba za a sha ruwanta ba. Wannan hujja ba ta da ƙarfi. Rijiyar gwaji siririyar rijiyar burtsatse ce, irin wadda kamfanonin cikin gida ke haƙa wa magidanta kowace rana, kuma guda uku ko biyar a kowane juji ba za su kai kuɗin sabuwar motar kwashe shara guda ɗaya ba. Ba lallai ne kuma a fara da sinadarai 62 ba. Gishirin kuloraid da amoniya su ne kan riga sauran isa rijiya, gwajinsu kuma na da sauƙi da arha, don haka suna iya zama ƙararrawar farko kafin a kai ga gwajin ƙarafa mai tsada.

Wasu kuma na cewa tun da jujin ba su da shimfiɗa, an riga an san suna yoyo, gwaji ba zai tsarkake ko lita ɗaya ba. Gaskiya ne gwaji ba ya tsarkake ruwa. Amma shi ne ke nuna inda dafin ya dosa, da saurin tafiyarsa, da zurfin da ya kai. Da wannan sani ne hukuma za ta san unguwar da za ta fara kai wa famfo, da rijiyoyin da za a rufe, da inda za a hana sabon haƙa, da jujin da ya fi cancantar a fara yi masa murfin yumɓu domin rage ruwan saman da ke shigarsa. Wanda bai auna ba, ko dai ya kashe kuɗi a inda ba a buƙata, ko ya bar jama'a suna shan guba a inda ake buƙata.

Saboda haka akwai matakai huɗu da ya kamata a ɗauka ba tare da ɓata lokaci ba. Na farko, a wajabta wa kowane juji na babban birni, na gwamnati ne ko na 'yan kasuwa, rijiyoyin gwaji aƙalla uku, ɗaya ta sama biyu ta ƙasa, bayan masana sun tantance inda ruwan ƙasa ke gangarawa, a kuma riƙa ɗibar ruwa sau biyu a shekara, da damina da rani. Na biyu, kada mai juji ya zama mai gwada kansa. A ba ɗakunan gwaje-gwaje masu zaman kansu da na jami'o'i aikin, a kuma buga sakamakon a jaridu, a manna shi a sakatariyar ƙaramar hukuma, domin sakamakon da aka kulle a durowa bai amfani kowa ba. Na uku, a ware wani kaso daga kuɗin da ake karɓa na kwashe shara a zuba shi a asusu na musamman domin rufe juji da kula da shi bayan rufewa, asusun da ba za a iya taɓa shi don wata hidima ba. Wannan na da muhimmanci ƙwarai ga Jihar Legas, wadda ta sha bayyana niyyar rufe Olusosun da jujin Solous da ke Igando, domin rufe ƙofar juji ba shi ne ƙarshen yoyonsa ba. Na huɗu, a hana sharar masana'antu da ta asibitoci da batura shiga jujin gari. Kano, inda kamfanonin jima na Challawa da Sharada da Bompai ke aiki da sinadarin kuromiyam, ta fi kowa sanin dalili.

'Yan kasuwa ma na da nasu aikin, kuma bai kamata su jira gwamnati ba. Mai kamfanin ruwan leda ko na lemo da ya sami lambar Hukumar NAFDAC ya sani cewa lambar shaida ce ta ruwan da aka gwada a lokacin da aka ba shi, ba ta wanda zai fito daga rijiyarsa baɗi ba. Idan akwai juji kusa da shi, gwajin ƙarafa da naitiret sau biyu a shekara shi ne inshora mafi arha da zai iya saye, domin kamfanin da sunansa ya ɓaci a kan ruwa da wuya ya sake miƙewa. Mai sayen fili a sabuwar unguwa ya binciki abin da aka taɓa yi a wurin kafin ya biya, tun da wasu filaye masu arha a gefen birane tsofaffin ramuka ne da aka cike da shara. Bankunan da ke karɓar irin waɗannan filaye a matsayin jingina su ma su nemi takardar gwajin ruwa, kamar yadda suke neman takardar mallaka. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu masana'antu kuma na da bakin da za su matsa wa majalisun jihohi lamba. Kada kuma a manta da dubban 'yan bola da dillalan ƙarafa, da yawansu 'yan Arewa, waɗanda ke neman abincinsu a kan jujin Ikko da Abuja, suke kuma sha da wanka da ruwan da ya fi kowane kusa da dafin. Duk wani shiri na gwaji ko na rufewa da bai sa su a lissafi ba, ragagge ne.

Birnin da ke jibge shara a rami marar shimfiɗa, ba ya auna abin da ke fita daga ciki, yana ganin ya sami arha ne. A haƙiƙa bashi yake ci, bashin da ruwansa ke hauhawa kowace damina, wanda kuma masu biyansa su ne yaran da ke shan ruwan rijiya da masu jarin da suka gina sana'arsu a kanta. Dokokin da za a fara da su suna nan tun 1988, masu haƙa rijiya da masu gwaji suna nan a cikin gida, kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba. Abin da ya rage shi ne hukumomin da ke riƙe da juji su yarda a auna su da mudun da suke auna 'yan kasuwa da shi.